Yadda Garkar Kakanku ta Zama Tasha

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan kakanninku na Gure, ko da ba a gabana ake faɗa ba. An ce uwarku ce ta cinye garkar Baba, wato lambun kakanku, da bakinta. Gwaggonku Yagana ta faɗa muku da wasa, wasu sun faɗa muku ba da wasa ba, ni kuma ban taɓa zaunar da ku na ce ga yadda aka yi ba, don zancen yana mini nauyi. Yanzu gwiwa ta hana ni yawo, ido ma ya fara yi mini rowa, sai na ga gara in rubuta tun ina gane layi. Ba zan ce ƙarya suka yi ba. Garka ta tafi, kuma bakina ne ya buɗe mata hanya. Sai dai akwai wanda masu ba da labarin suke tsallakewa, wanda ku ba ku taɓa gani ba, shi ne yayanku.

Kun san ni mutuniyar Tasawa ce, aikin koyarwa ya kawo ni lakwal, wato makarantar boko ta Gure, ina budurwa mai tsinin baki. Nan na auri babanku Bukar, likitan dabbobi, aka kai ni babban gidansu. Kakanku shi ne mai unguwa. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kuma tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana da saƙo sai ya ɗaga murya kaɗan daga zaure ya ce wa kakarku Iya Falmata, a ce wa Malama kaza, alhali ina tsakar gida ina ji da kunnena. Amma saƙonnin nan masu daɗi ne. A ce wa Malama kada ta tafi aiki ba ta karya ba. A ce wa Malama albasa ta yi, ta aiko a ɗebo mata. Da dangi suka fara gunagunin matar aure tana fita kullum da jaka a kafaɗa, shi ne ya kashe maganar. Ina son tsohon nan ƙwarai, kuma ban taɓa samun hanyar gaya masa ba.

Ɗana na fari namiji ne, aka sa masa sunan Baba. Gida duka suna kiransa Babagana. Ni kuwa bakina a ɗaure yake ta gefe biyu: ɗan fari ne, ba a kama sunansa, ga shi kuma sunan suruki. Sai dai in ce yaron nan. A gaban mutane in ya yi kuka sai in kau da kai, in bar Yagana ta ɗauke shi. Ya fara tsayawa yana dafa bango ƙyanda ta shigo unguwa, ta tafi da shi cikin waɗanda ta tafi da su. Maza suka naɗe shi suka fita, mu mata ba ma bi. Na kifa turmi na hau, na leƙa ta kan katanga, na ga sun yi gabas, bayan itatuwan gawo. Akwai wani shimfiɗaɗɗen fili can inda mutanen gari suke kai ƙananan yara tun kaka da kakanni, ba a kai su babbar maƙabarta. Ba alama sai ƙaya da fasasshiyar tukunya, su ma kafin shekara rairayi ya rufe su. Wurin ba shi da suna, mata in dole ta kama sai su ce wajen yara. Daga ranar ba wanda ya ƙara ambatonsa a gabana, ni ma ban ambace shi ba, na haife ku ɗaya bayan ɗaya.

Garkar Baba kuma tana yamma, a bakin kwarin da ke kusa da kwalta. Ku manyan kun ɗan riske ta. Dabinon da ubansa ya dasa ne a sama, ƙarƙashi rogo da albasa da rake, ga rijiya gajeriya wadda mutum zai miƙa guga da igiya ƴar kaɗan ya taɓo ruwa. In an idar da sallar asuba can yake, sai rana ta take ya dawo da laka a ƙafa. Sarautar unguwa riga ce yake sawa in za shi taro. Ainihin mutumin yana garka.

A farkon shekarun casa'in, lokacin da jam'iyyu suka fito kamar farin ɗango, kowa ya sami bakin magana, Gure ta cika ta batse. Mutanen daji da fari ya cinye wa dabbobi sun zauna gefen gari, sun ƙi komawa. Aka ce an zana tsarin yadda garin zai kasance nan da shekaru masu yawa, kuma za a kafa komisiyo, wato kwamiti, ta duba shi kafin a sa hannu. Aka sa masu unguwanni da liman da ƴan kasuwa da shugaban direbobi, sannan wani ya tuna cewa zamani ya ce sai da mace. Matan gari suka nuna ni, wai ina jin faransanci kuma maza ba sa ba ni tsoro. Yagana ta yi ta tsokanata.

"To, matar yaya, yanzu ke da Baba tebur ɗaya? A ƙarƙashinsa za ki durƙusa ko a kai?"

"A bayan ƙofa zan zauna," na ce mata, "in an ce wa ya yarda in ɗaga ɗan yatsa."

Daga zaure muka ji tari, sai murya ta biyo baya.

"A ce wa Malama ta je. Aikin gari ne, ba kunya cikinsa."

Zaman farko a babban ɗakin biro, ofishin hukuma, aka yi shi. Kumandan, wato shugaban gundumar, baƙo ne daga yammacin ƙasa, shi ya buɗe taro. An liƙa taswira a bango mai faɗin tabarma, wani injiniya da aka turo daga Damagaram yana nunawa da sanda. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, yana faɗa da faransanci ya maimaita da Hausa. Ga inda sabbin unguwanni za su bi, ga filin lakwal ta gaba, ga burtalin shanu an bar shi da faɗinsa, ga inda za a dasa itatuwa su tare tudun rairayin da ke matsowa. Aikin ya burge ni, har na ji kamar ni na zana. Sai ya zo kan tasha. Ya ce manyan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, sun toshe tsakiyar gari, dole a fitar da su, kuma wuri biyu ne kaɗai ke da ƙasa mai tauri kusa da kwalta: bakin kwarin yamma, da filin gabas bayan gawo. Ya ce ya zaɓi gabas don ba gona, ba rijiya, ba wanda za a tasa. Ya zagaye wurin da jan alƙalami. Na dubi jan zanen nan, na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Aka ce kowa ya je ya yi tunani, a dawo ranar Laraba a rufe magana.

Babanku ba ya gari, yana can wajen Alakoss yana yi wa shanu allura, kuma a lokacin ba yadda za ka yi ka sami mutum a daji. Baba kuwa ba ni da bakin tunkararsa. Sai na sami Iya tana tankaɗe a gindin rumbu, na zauna kusa da ita ina taya ta tsintar tsakuwa.

"Iya, tashar nan gabas za a kai ta. Bayan gawo."

Ba ta ɗaga kai ba. "Mun ji."

"Wajen yara fa, Iya."

"Na ce mun ji, ƴar nan. Nawa ma suna can tun ba a haife ki ba. Maza sun san da zancen. Ke dai je ki zauna, ki dawo da bakinki a rufe."

Na tashi raina a ɓace. Maza sun san da zancen! Na sha jin wannan tun ina yarinya, kuma yawanci abin da ke bayansa shi ne an shafa fatiha an watse. Na ɗauka Iya lallashina take yi in haɗiye, yadda ta haɗiye nata. Kwanakin nan ina gaban allo ina koya wa yara lissafi, amma abin da nake gani shi ne tayar kamiyo. Kuma kada in ɓoye muku, na ji injiniya ya ambaci yamma, na san garkar wa ke can. Sai dai na ɗauka in an faɗi gaskiya za a ɗan matsa da tashar ne kawai, tunda filin gabas yana da faɗi.

Ranar Laraba aka bi tsarin unguwa-unguwa, aka yi gardama kan wurin mahauta har kumandan ya buga tebur. Sannan aka iso zancen tasha. Injiniya ya juyo ya dube mu.

"Kafin mu rufe, ko akwai wani abu a filin nan da ban sani ba? Gonar wani, ko hanyar dabbobi, ko wurin da ake girmamawa?"

Na bi fuskokinsu da kallo daga kujerata ta bayan ƙofa. Ga liman, wanda shi ke yi wa yaran salla. Ga shugaban direbobi, wanda na san tagwayensa suna can. Ga Baba yana jan carbi, idonsa a kan takalminsa. Babu namiji ɗan gari a ɗakin nan da ba shi da nasa a wurin, kuma babu wanda zai buɗe baki a gaban baƙi ya ce ɗana na kwance a can. Injiniya ya sake tambaya. Kumandan ya cire murfin alƙalaminsa. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji kujera ta yi ƙara a bayana. Faransancin ma ya gudu, da Hausa na yi magana.

"Akwai mutane a filin nan."

"Mutane, Madam? Na zagaya wurin da ƙafata, ban ga ko bukka ba."

"A ƙasa suke. Nan ake kai yaran garin nan."

Ya cire tabarau ya dubi dattawan, babu wanda ya dube shi. Ya ce cikin ladabi ba zai iya rubuta jita-jita ba, ko na san wani takamaimai da aka binne a wurin?

"Ɗana," na ce.

"Allah ya jiƙansa. Sunansa, Madam? Dole in sa a rubuce."

Zan rubuta shi nan sau ɗaya, kamar yadda na faɗe shi sau ɗaya a duk rayuwata.

"Kyari."

Wani ya yi salati a hankali. Carbin Baba ya tsaya. Surukarsa ta kira sunansa tsirara a gaban kumandan da duk dattawan gari, ta kuma kira ɗanta na fari, duk a numfashi guda. Ya tashi ba gaggawa, ya gyara rigarsa, ya bi ta gefena ya fita. Ni kuwa, Allah ya sani, abin da na ji a lokacin ba kunya ba ce. Sanyi na ji a ƙirjina, don yau an ji cewa yaron nan ya taɓa zuwa duniya.

Injiniya ya ce doka ba ta yarda a yi gini kan maƙabarta ba, a nuna masa iyakarta ya kewaye. Nan abin ya kwaɓe. Liman ya ce tunda magana ta fito, gaskiya ne, amma iyaka Allah kaɗai ya san ta, don an fi ƙarni ana kai yara kuma rairayi ba ya ajiye alama. Injiniya ya ce to ba zai yi kasadar taka ko ɗaya ba. Ya ɗauki koren alƙalami ya shafe filin gaba ɗaya, tun daga gawo har gindin tudu. Sannan ya ɗauki jan ya kai shi yamma. Ina tsaye ina kallo ya zagaye bakin kwarin, garkar Baba tana tsakiya, da na maƙwabtansa a gefe.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yagana tana bakin ƙofa, hannu a ƙugu, wannan karon ba dariya.

"Sannu da aiki, mai biro. An ce kin kira Baba kamar ɗan ajinki."

Na wuce ta na shiga gida. Iya ce ta miƙo mini ruwa a ƙwarya, ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi.

"An ce kin ce akwai mutane a wurin."

"Na ce, Iya."

"To," ta ce, ta share ido da gefen zane, ta koma ɗaki.

Da babanku ya dawo daga daji, a zaure aka tare shi kafin ya sauke kaya. Ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado, ya daɗe yana kallon hularsa.

"Malama, da kin jira Juma'a."

Ya ce dattawa sun riga sun gama shawara tun bayan zaman farko. Za su bari a sa hannu a taro don kada a kunyata baƙo a gaban jama'a, in an sauko daga masallaci Baba da liman su je gidan kumandan su kaɗai. Za su roƙe shi a matsa da tashar arewa kaɗan, su ce kusa da gawo ƙasa tana da laushi, a bar gefen a dasa itatuwa. Haka suke gyara al'amuran gari tun fil azal: a taro a yi shiru, a zaure a warware. Yara su kwanta lafiya, garka ta tsira, ba wanda zai ambaci abin da ba a ambata.

"Wa ya gaya mini?" na ce. "Ni na haife shi, ni ke cikin komisiyo, amma ni ce ba a gaya wa ba?"

"Baba zai gaya miki? Da wane baki? Ya ce a ce wa Malama zancen ɗanta?"

Kunyar da ta hana ni zuwa wurinsa ita ta hana shi aiko mini, Iya kuma ta faɗi iyakar abin da bakinta zai iya ɗauka. Ko kumandan zai yarda da roƙon nasu, ko sabon wurin ma da ya hau kan wasu yaran, wannan ba wanda ya sani, kuma na sha kare kaina da shi. Na koma wurin injiniya na roƙe shi ya rage koren. Ya ce Madam, abin da aka faɗa a zaure ana iya gyara shi, amma wanda aka faɗa a taro ya shiga takarda, takarda kuma ta tafi.

Ba nan take aka zo fara aikin tashar ba, an ci dabinon wata kaka. Daga baya aka kafa duwatsun iyaka, aka cike rijiya, aka sare itatuwan. Da gangar jikinsu aka yi azarar rumfunan tasha. An ce Baba yana zaune kan tudu yana kallo tun daga na farko har na ƙarshe. An ba shi wani fili a sabuwar unguwa, rairayi zalla, ruwa yana can ƙasa inda igiya ba ta kaiwa. Bai dasa ko tsinke ba. Mutumin da ke dawowa da laka a ƙafa ya koma zaman zaure, ya fara ramewa, tafiyarsa ta zama ta tsofaffi cikin ɗan lokaci.

Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai bari wani ya yi a gabansa ba. In na durƙusa na gaishe shi yana amsawa. Abu guda ne ya daina, ban ƙara jin a ce wa Malama ba. Nakan ɓata lokaci a tsakar gida da gangan, ina wanke kwanon da na riga na wanke, ko zai yi tarin nan ya ɗaga murya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban yi nadamar hana kamiyo hawa kan yayanku ba, ko yau aka mayar da ni zan miƙe. Abin da ke cina shi ne wanda ya biya, don shi ne ya ce in je, ba kunya cikin aikin gari. Na so in roƙi gafararsa, amma yadda zan yi in roƙa sai na sake buɗe baki a gabansa kan zancen da ya raba mu, sai na yi ta ɗagawa ina cewa bari ya ɗan huce.

Ya rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Maza suka ɗauke shi, muna cikin gida muna karɓar gaisuwa. Ban daɗe da zama ba sai na ga babanku ya shigo yana neman buta, alhali babbar maƙabarta tana da nisa. Na bi shi bayan ɗaki na zuba masa ruwa a hannu.

"Har kun dawo?"

"Ba can muka je ba. Ya bar wa liman wasiyya, ya ce a kai shi wajen yara."

Ba a taɓa kai babba wurin ba.

"Ya faɗi dalili?"

"Ya ce yanzu wurin yana da takarda, ba mai tashinsa." Ya yarfe hannunsa, bai dube ni ba. "Ya ce kuma a ce wa Malama, shi kaɗai ne filin da ta bar masa."

"Da fushi ya faɗa?"

"Ban sani ba. Idonsa a rufe yake."

Na tambayi liman, na tambayi Iya kafin ita ma ta bi shi, babu wanda ya iya gaya mini. Ku da kuke maza, in kun je Gure ku wuce gabas ku yi musu addu'a su biyun. Ni har yau ƙafata ba ta taka wurin ba.